Garwashi a ɗaki, jariri cikin bargo: yaya zan yi da uwar mijina?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 24, muna zaune a Kano a gidan haya, ciki da falo. Ina da yarinya 'yar shekara biyu da rabi, sai jariri namiji da na haifa makonni bakwai da suka wuce. Haihuwar fari a gidanmu na yi wanka, wannan karon kuwa mahaifiyar maigidana ce ta zo daga ƙauye ta yi mini. Tsakani da Allah ta yi mini hidimar da ba zan iya biyanta ba. An yi arba'in, amma ta ce sai sanyi ya wuce za ta koma.

Tun da hunturu ya shigo, kullum dare sai ta zuba garwashi a kasko ta shigo da shi ɗaki, ta toshe taga da tsumma, wai kada sanyi ya shiga ƙirjin yaron. Ta kwantar da shi rubda ciki, ta sa masa hula da safa, ta lulluɓe shi da bargo har kai. Ni da yaran biyu muna kan gado, ita tana katifa a ƙasa, maigida yana falo. A asibiti an ce mana a riƙa kwantar da jariri rigingine. Da na faɗa mata sai ta ce 'ya'ya tara ta haifa, duk a haka ta raine su, kuma in aka kwantar da yaro rigingine tumbuɗi zai ƙware shi. Shekaranjiya da asuba na tashi kaina kamar zai tsage, jiri na ɗibata, yarinyar ta yi amai, jaririn kuma na same shi sharkaf da gumi, fuskarsa cikin bargo. Hajiya ta ce mura ce ke son kama mu.

Ban da wannan, akwai rijiya a tsakar gida da wani ruɓaɓɓen kwano a bakinta, kuma makon jiya na ƙwace robar kananzir a hannun yarinyar tana shirin kaiwa baki. Na yi wa maigida magana, ya ce in daina neman rigima, shi ma haka aka raine shi bai mutu ba, kuma abin da Allah ya rubuta babu makawa. Ba na iya barci. In na yi magana a ce na raina uwar miji, in na yi shiru ina tsoron da-na-sani. Ki ba ni shawara.

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Abubuwan da kika zayyano ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda za ki bi a hankali, da dabara da dariya, ko da za su ɗauki mako biyu. Akwai guda ɗaya da ba zai jira gobe ba, shi ne garwashin nan. Daga daren yau kaskon ba zai sake kwana a ɗakin ba, ko wa zai ji haushi.

Abin da ya same ku shekaranjiya bai yi mini kama da mura ba. Mutum biyu a ɗaki ɗaya su tashi lokaci guda da ciwon kai da jiri da amai, bayan sun kwana da gawayi a rufe, wannan ita ce kamar gubar da ake kira kabon monoksaid. Iska ce da gawayi ke fitarwa idan yana ci, musamman inda iska ba ta wadata ba. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko yajin ido, shi ya sa mutane ke ruɗuwa: da zarar gawayi ya ruru ya daina hayaƙi sai a ce ya yi kyau, a shigo da shi, alhali bai daina fitar da ita ba. Idan ta shiga huhu sai ta maƙale wa jini, ta kama gurbin da iskar numfashi ke zama, kuma kamunta ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200. Mai barci ba ya farkawa ya gudu, barcin ne kawai ke ƙara masa nauyi. Ita ce dai gubar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda duk shekara muke jin ta kashe iyali guda a dare ɗaya. Jarirai kuwa sun fi kowa saurin jigata, don numfashinsu ya fi namu sauri. Allah ne ya tashe ki da asubar nan. Ki kai yaran biyu asibiti a duba su, ki faɗa wa likita ƙarara cewa kun kwana da gawayi a rufe, kada ki ce masa mura. Idan kuma wani ya sake tashi da irin wannan, ko jaririn ya yi laushi, ya ƙi kama nono, ko ya yi wuyar tashi, a fito da kowa waje cikin iska nan take, a wuce asibiti, ba a jira gari ya waye ba.

Ba ina cewa Hajiya muguwa ba ce, ke ma ba ki ce haka ba. Tsohuwar da ta baro ɗakinta da dabbobinta ta zo ta yi kwana arba'in tana hura wutar wankanki tun kafin asuba, ba za ta so jikanta da sharri ba. Sanyi take tsoro, kuma tana da hujja: ta ga yaran da ciwon haƙarƙari ya ɗauke a lokacin hunturu. Maganar 'ya'ya tara kuma kada ki ja da ita, kada ma ki yi gigin tambayar ko duka sun rayu, don ba ki san wane tsohon miki za ki fama ba. Akwai amsar da ba ta zubar mata da daraja, kuma gaskiya ce. Ɗakin da ta yi goyo a ciki daban ne da naki. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa, ko mai asabari a ƙofa, iska na shiga tana fita ta ko'ina. Naki na siminti ne, da silin, da ƙofar ƙarfe, an kuma toshe taga da tsumma. Wutar da ta yi wa mutum ɗumi a can ita ce za ta shaƙe shi a nan. Kin ga laifin ya tashi daga kanta ya koma kan ginin birni, kuma tsofaffi ba sa ƙin a zagi ginin birni.

Amma ba ke ce za ki fara kai mata wannan magana ba. Tsakanin suruka da suruka akwai kunya, kuma kalmar da ɗa zai faɗa wa uwarsa ta wuce salin-alin, in ta fito daga bakinki sai ta zama raini. Maigida ne ƙofarki. Ina zargin yadda kika kai masa maganar ne ya sa ya toshe kunne: ya ji kamar ƙarar mahaifiyarsa kika kawo, namiji kuwa da ya ji haka sai ya tsaya kare uwarsa, bai ma ji sauran ba. Ki sake zama da shi, ba da dare yana gajiye ba, ba kuma Hajiya na jiyowa ba. Kada ki ambaci sunanta da laifi. Ki ce masa: "Baban yara, shekaranjiya ni da 'yarka mun tashi ba lafiya, na tsorata. Hajiya ma a ɗakin take, ga ta a ƙasa kusa da kaskon, ga shekaru. Don Allah ka raka mu asibiti ka ji da kunnenka." Ki sa Hajiya cikin waɗanda ake tsoron rasawa, don haka abin yake.

Maganarsa ta ƙaddara gaskiya ce, ba mai ja. Sai dai wanda ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya hana mu kwana da wuta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. A wani hadisin kuma ya yi umarni a rufe ƙorai, a kulle ƙofofi, a kashe fitilu lokacin kwanciya. Wannan magana za ta shiga kunnen Hajiya fiye da "likita ya ce" sau goma. Maigida ya faɗa mata kamar abin da ya jiyo a wurin karatu, ya ce daga yau za a bi sunna. Ban ga tsohuwar da za ta yi musu da wannan ba.

In an fitar da wuta, dole a ba ta abin da zai maye gurbinta, in ba haka ba za ta kwana tana juyi. A ji ɗumi a tsakar gida ko baranda bayan isha'i, a yayyafa wa garwashin ruwa ya mutu kafin a shiga. A saya wa Hajiya bargo mai kauri da rigar sanyi, a shimfiɗa darduma ƙarƙashin katifarta don sanyin siminti. Da babu wuta, sakaya taga da labule ba laifi ba ne. Turaren wuta ma a yi shi da rana lokacin da yaron ba ya ciki, a bar hayaƙin ya fita. Igiyar leko a haƙura da ita, gidan sauro ya wadatar, a cusa gefensa sosai ƙarƙashin katifa kada ya zubo a fuskar yaro. Idan akwai mai janareta a gidan, ku duba kada bututun hayaƙinsa ya kalli tagarku.

Sai kwanciyar jariri. A nan asibiti ke da gaskiya, kuma ba ra'ayin wata nas ba ne. Akwai mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai cikin barci, a kwantar da yaro lafiya ƙalau a wayi gari babu shi. Ta fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, mafi yawanta kafin wata shida, wato ɗanki yanzu yake shiga wannan zango. Turawa ma da rubda ciki suke kwantar da 'ya'yansu, har likitocinsu na ba da shawarar haka. Da aka gano alaƙar, Ingila ta fara gangamin a koma rigingine a 1991, Amurka ta yi nata a 1994, cikin 'yan shekaru irin wannan mutuwa ta ragu da kusan rabi ko fiye a ƙasashen biyu. Ba wani sabon magani aka ƙirƙiro ba, juya yara kawai aka yi. Jaririn da aka kifa, hancinsa na nutsewa cikin shimfiɗa, yana sake shaƙar iskar da ya fitar, jikinsa na ɗaukar zafi, barcinsa ya yi nauyin da ba ya iya farkawa ya ceci kansa, wuyansa kuma bai yi ƙwarin da zai ɗaga kai ba. Kwanciyar gefe ma ba mafita ba ce, don mirginawa kaɗan zai yi ya kife.

Tsoron tumbuɗi kuwa kusan kowace kaka tana da shi, amma halittar maƙogwaro ta saɓa masa. Hanyar iska tana ta gaba, hanyar abinci tana ta baya. In yaro yana rigingine, hanyar iska ce a sama, abin da ya taso sai ya koma ta hanyar abinci ko ya fito ta gefen baki. In an kifa shi, hanyar iska ce ta koma ƙasa. Ki ba Hajiya aikin da zai kwantar mata da hankali: bayan kowane shan nono ita za ta saɓa angon nata a kafaɗa har ya yi gyatsa, sannan a kwantar da shi. Rubda cikin ma ba a hana ta gaba ɗaya ba. Da rana, yana farke, tana zaune tana kallonsa, ta kifa shi a tabarma ko a cinyarta na 'yan mintuna, wannan yana ƙarfafa masa wuya, yana kuma hana ƙeya bajewa, in ma wannan ne damuwarta. Ranar da ya fara juyawa da kansa gaba da baya, wajen wata biyar ko shida, ki ci gaba da kwantar da shi rigingine, amma in ya juya ba sai kin kwana kina mayar da shi ba.

Gumin da kika gani sharkaf shaida ce cewa kayan sun yi masa yawa. Mu Hausawa sanyi muke tsoro, ba ma lissafa zafi cikin abin da ke cutar da jariri, alhali yana ciki. A Ingila ɗumin ɗakin da ake so jariri ya kwana a ciki digiri 16 zuwa 20 ne, kuma da wuya cikin ɗakin siminti a rufe a Kano ya yi sanyin da ya wuce haka sosai. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce ki ƙara masa riga ɗaya kan abin da ke kika ji ya ishe ki. Kada ki auna da tafin hannunsa ko ƙafarsa, waɗannan kullum da ɗan sanyi suke. Ki sa hannu a ƙirjinsa ko bayan wuyansa: in da ɗumi ya isa, in da gumi a rage. Safa ta zauna, hula kuwa a cire lokacin barcin dare, don ta kai yake fitar da zafi, kuma tana iya zamewa ta rufe hanci. Mayafi mara nauyi, iya ƙirji, hannaye a waje, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Ba filo, ba tulin zannuwa a gefensa. Na san a kan hular nan za a fi jan daga. In ya zama dole ki bar wani abu zuwa mako mai zuwa, ki fara cin nasarar buɗe fuska da rigingine.

Wurin kwanciyar ma yana son gyara, kuma wannan ya fi sauƙi. Yarinya 'yar shekara biyu da rabi ba ta san inda take jefa ƙafa cikin barci ba, bai kamata ta kwana kusa da jariri ba. Ta koma katifar kakarta, su je can su ƙarata da kishinsu, Hajiya ma ta samu abin ɗumi. Abin da ya fi shi ne jaririn ya samu nasa makwancin a jikin gadonki, ƙaramin gado ko 'yar katifa mai tauri, inda za ki miƙa hannu ki taɓa shi, aƙalla har wata shida. In babu hali, kuma na san gidaje da yawa babu, to ya kwanta a gefenki ke kaɗai, katifa mai tauri, bargonki da filonki nesa da shi, ba rami tsakanin katifa da bango. Ranar da kika sha maganin mura mai sa barci, ko gajiya ta yi miki yawa, kada ki kwana da shi a shimfiɗa ɗaya. Haka in an haife shi bakwaini ko nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, ko akwai mai shan taba a cikinku. Mafi haɗari duka shi ne a yi gyangyaɗi da jariri a kan kujerar kushin, wannan ki faɗa wa maigida tun da a falo yake. Ki ci gaba da ba shi nono zalla, shi ma yana rage haɗarin.

Yanzu sai maganar babbar yarinyar. Rijiyar nan ta fi tsorata ni bayan gawayi, domin yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu, ba ka jin komai. Kada ku tsaya jiran mai gidan haya. Maigida ya tara maƙwabta, a yi karo-karo, a kira mai walda ya yi murfin ƙarfe mai kwaɗo, in ya so a cire daga kuɗin haya in mai gidan ya yarda. Kafin nan a ɗora katako mai nauyi da bulo. Ba rijiya kaɗai ba: bokiti da baho da ruwan wanki da aka bari a tsakar gida, ko ɗan ruwan da bai kai tsawon yatsa ba zai iya halaka yaro, don yaro kansa ya fi masa nauyi, in ya kifa ciki ba ya iya fitowa. An gama wanki a zubar a kife.

Kananzir a robar ruwa ko ta lemo, a idon yaro abin sha ne. Ki mayar da shi galan mai murfi, ki ɗora inda ko ta taka kujera ba za ta kai ba, tare da fiya-fiya da maganin ɓera da ashana. Ki leƙa jakar Hajiya ma da izininta, tsofaffi ba sa rabuwa da ƙwayoyin hawan jini da na ciwon ƙafa, kuma a ƙarƙashin filo suke ajiyewa. In tsautsayi ya sa yaro ya sha kananzir, abin da aka saba yi shi ne a ɗura masa manja ko madara, a sa masa yatsa ya yi amai. Kada ki yarda. Haɗarin kananzir ba a ciki yake ba, a huhu yake, kuma amai ne ke kai shi can. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki, a tafi asibiti da robar a hannu. Ƙuna kuma, ta ruwan zafi ko shayi ko garwashi, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki da ɗanyen ƙwai da gishiri. Sannan kada ki bar yarinyar ita kaɗai da ƙaninta ko na shiga banɗaki ne. Ba mugunta ba, so ne zai sa ta tura masa gyaɗa ko alawa a baki, ko ta ce za ta goya shi.

Rigakafin jaririn na mako goma ya kusa. Ki roƙi Hajiya ta raka ki, ki ce ba za ki iya da yara biyu ke kaɗai ba. Kafin layi ya zo kanku ki raɗa wa nas ɗin abin da ke faruwa, ki bar ta ta yi bayanin kwanciya da hula a gaban kowa, ba tare da ta nuna Hajiya ba. Abin da tsohuwa ta ji a cikin taron mata, sau da yawa ita ce ke dawowa gida tana koya wa surukarta, ke kuma sai ki ce "to Hajiya, yadda kika ce haka za a yi." Ki bar mata wannan, ba abin da ya rage ki da shi.

Idan maigida ya ƙi motsi, ki nemi yayarsa ko wata gwaggonsa da Hajiya ke jin maganarta, ko limamin unguwa ta hannun wani babba. Idan duk da haka dare ya yi kaskon ya shigo, ki tashi da ladabi ki ce, "Hajiya, ki gafarce ni, hayaƙin nan yana sa ni ciwon kai, kuma ni ke shayarwa," ki fitar da shi ki kashe, ki buɗe taga. In aka mayar da shi, ki kwashi 'ya'yanki ku koma falo, ki bar ƙofar tsakani a buɗe saboda ita, ki buɗe tagar falon ma. In abin ya zama rigima ta kullum, in ba ki yi yawon arba'in ba tukuna, ki nemi izini ki je gidanku ki yi kwana biyu, mahaifiyarki ta yi magana da Hajiya babba da babba.